KO DUTSEN KUFENA ZAI YI AMAN WUTA WATA RANA?

'Yan'uwa manoma, duk wanda ya taɓa tsayawa a gona wajen Samaru da yamma ya dubi kudu, ya san Dutsen Kufena. Ga shi can tsaye kusa da Wusasa, kamar an kifa babbar ƙwarya. Mutanen dā sun zauna a gindinsa, har yau kuwa akwai sauran ganuwarsu. Wanda ya tashi yana ganinsa ba ya tunanin zai motsa.

Amma a watan Satumba na 2016 ƙasa ta girgiza a Kwoi, cikin Ƙaramar Hukumar Jaba, har bangon ɗakuna ya tsage. A watan Satumba na 2018 kuma aka ji irin wannan motsi a Mpape, kusa da Abuja. Duk sa'ad da haka ta faru, sai magana ta bazu a kasuwa da tashar mota, wai duwatsu za su fashe su yi aman wuta. Wani ya ce Kufena ma yana ciki. Mai gona a gindin dutse sai hankalinsa ya tashi.

To, bari mu bi maganar daga tushe. Mene ne dutse mai aman wuta? Yaya yake tasowa? Akwai shi a ƙasarmu? In mun bi ta sannu, za mu ga amsar ba ta tsaya ga tsoro kaɗai ba. Ta shafi ƙasar da muke nomawa, da dalilin da ya sa gonakinmu suke neman taki kowace shekara.

ABIN DA KE ƘARƘASHIN ƘAFARMU

Masana duwatsu, irin waɗanda ke koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello, sukan kwatanta duniya da dafaffen ƙwai. Ɓawon ƙwan shi ne ƙasar da muke takawa da duwatsun da ke ƙarƙashinta. Kaurinsa a wajenmu kamar kilomita 35 ne zuwa 40. Daga nan zuwa tsakiyar duniya kuwa kilomita 6,370 ne. Kun ga ke nan ɓawon siriri ne ƙwarai. Farin ƙwan dutse ne mai tsananin zafi, kaurinsa wajen kilomita 2,900. Gwaiduwar kuma ƙarfe ce, zafinta ya wuce digiri 5,000. Ku tuna ruwa yakan tafasa a digiri 100 kawai.

Gwargwadon yadda mutum ya nutsa cikin ƙasa, gwargwadon yadda zafi ke ƙaruwa, kamar digiri 25 zuwa 30 a kowace kilomita. Masu haƙar zinariya a Afirka ta Kudu, waɗanda ke sauka kusan kilomita 4, sai an sanyaya musu ramin da ƙanƙara kafin su iya aiki.

Mutane da yawa suna tsammani cikin duniya duk ruwan wuta ne. Ba haka ba ne. Dutsen da ke ƙarƙashin ɓawon yana da zafin da zai narkar da shi, amma nauyin abin da ke bisansa ya danne shi, ya hana shi narkewa. Sai dai yakan motsa a hankali, kamar kwalta a tsakar rana. Ɓawon kuma ba ɗaya ba ne. Ya rabu gida-gida, kamar tsohuwar ƙwaryar da aka ɗinke. Waɗannan manyan ɓangarori suna tafiya a hankali, saurinsu bai fi yadda farce ke tsirowa ba.

YADDA DUTSE KE NARKEWA

A wurare iri uku ne dutsen nan yake samun hanyar narkewa. Na ɗaya, inda ɓangarori biyu ke rabuwa da juna. Nauyi ya ragu, sai dutse mai zafi ya taso ya narke. Haka ke faruwa a Habasha da Kenya da gabashin Kwango, inda ƙasar Afirka ke tsagewa kaɗan-kaɗan. Na biyu, inda wani ɓangare ke nutsewa ƙarƙashin wani, ya shiga da ruwan teku. Ruwan nan yakan sa dutse ya narke da wuri, kamar yadda kanwa ke sa wake ya nuna da sauri. Haka ne a Indunisiya da Japan da Meksiko. Na uku, inda zafi ke tasowa daga can ƙasa a wuri ɗaya, kamar tukunyar da wuta ta fi cin gefe guda.

In dutse ya narke, ya fi wanda ke kewaye da shi rashin nauyi, sai ya riƙa hawa ta cikin tsage-tsage. Wani lokaci yakan taru ya cika wuri kamar rumbu, kilomita kaɗan a ƙarƙashin ƙasa, ya yi shekaru aru-aru a nan. Zafinsa yakan kai digiri 700 zuwa 1,200.

Abin da ke tura shi waje iska ce da ke narke a cikinsa: tururin ruwa, da iskar kabon, da ta farar wuta. Ku ɗauki kwalbar lemo ku girgiza. Muddin murfin na nan, ba abin da za ku gani. Da an buɗe, sai kumfa ta taso ta yi ambaliya. Haka narkakken dutse yake. Da ya matso sama nauyi ya ragu, iskar ta kumbura, ta tunkuɗo shi waje.

KUNU DA TALGE

Mata sun fi kowa sanin wannan. In kunu mai ruwa-ruwa yana tafasa, tururi yakan fita da sauƙi, in ya cika ya zubo ta bakin tukunya ya bi murhu. Amma in talge ya yi kauri, tururi ba ya samun hanya. Sai ya taru ya fashe, ya fallatso wa mai tuƙi a hannu.

Duwatsu masu aman wuta ma iri biyun nan ne. Akwai masu aman ruwa-ruwa, wanda ke malala kamar kogin wuta. In ya huce ya zama baƙin dutse mai nauyi, wani da huji-huji kamar soso. Irin wannan ne ya malalo daga Dutsen Nyiragongo ya ratsa tsakiyar garin Goma a Kwango a watan Janairu na 2002, ya sake malalowa a watan Mayu na 2021. Yana cinye gidaje da gonaki, amma sau da yawa mutum yakan samu ya gudu.

Akwai kuma masu kauri. Su ne masu fashewa da ƙara, su watsa toka da tsakuwa sama, su sauko da guguwar toka mai zafi wadda ko mota ba ta tsere mata. Abin da ake kira toka a nan ba tokar itace ba ce, dutse ne da ya niƙe ya zama gari. Abin da ya faɗo kewaye da ramin shi ne ke taruwa, a hankali ya zama tudu, har ya zama dutse. Watau ba dutse ne ke kama wuta ba. Aman ne ke gina dutsen.

Sau da yawa kuwa ba ya zuwa ba sallama. Kafin ya tashi ƙasa takan yi ta rawa kwana da kwanaki, ta kumbura, maɓuɓɓugai su yi zafi, a riƙa jin wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Da waɗannan alamu ne aka kwashe dubban mutane daga gindin Dutsen Pinatubo na ƙasar Filifin a 1991 kafin ya fashe.

DUTSEN DA YA TSIRO A GONAR MASARA

Ga labarin wani manomi irinmu. Ran 20 ga Fabrairu, 1943, Dionisio Pulido yana sharar gonarsa ta masara kusa da ƙauyen Parikutin a Meksiko. An yi makonni ana jin ruri a ƙarƙashin ƙasa. Da yamma sai ya ga ƙasa ta tsage, hayaƙi da toka suna fita, ga warin farar wuta. Ya gudu. Kafin mako ya zagayo, tudun da ya tsiro a gonar ya wuce mita 100. Ya yi shekara tara yana amai. Da ya tsaya a 1952, tsawonsa ya kai mita 424, ya binne garuruwa biyu, mutanensu suka koma wani wuri.

Masana sun zauna kusa da shi tun yana jariri har ya mutu, sun rubuta kome. Abin lura shi ne, bai tsiro haka kawai ba. Yankin nan cike yake da ɗaruruwan irinsa, ƙarƙashinsa kuma har yanzu da narkakken dutse.

TO, KUFENA FA?

Kufena ba dutse mai aman wuta ba ne, bai kuma taɓa zama ba. Ku fasa ɗan guntunsa ku duba. Za ku ga ƙwayoyi manya-manya, wasu farare, wasu ja-ja, wasu baƙaƙe masu ƙyalli. Manyan ƙwayoyi alama ce ta dutsen da ya huce a hankali, can cikin ƙasa, bai taɓa fitowa sarari yana narke ba. Wanda ya fito ya huce da sauri, ƙwayoyinsa ƙanana ne, ido ba ya raba su.

Masana sun auna shekarun irin waɗannan duwatsu na ƙasar Zariya, suka ce sun kai wajen miliyan 600. Da can suna binne ne. Ruwan sama da iska suka yi ta cin abin da ke bisansu da kewayensu, har mai taurin ya rage a tsaye, kamar ƙwallon mangwaro bayan an shanye naman. Haka Kufena yake, haka sauran duwatsun da ke kewaye da birnin Zariya. Wutarsu ta mutu tun kafin a yi mutum.

Girgizar Kwoi da ta Mpape kuwa ba alamar aman wuta ba ce. Tsofaffin tsage-tsage ne a cikin dutsen ƙarƙashin ƙasa suka ɗan gota, kamar yadda tsohon azara kan yi ƙara cikin dare. Saboda haka kada kowa ya yarda a tsorata shi ya sayar da gonarsa da arha don tana gindin dutse.

INDA WUTA TA TAƁA CI KUSA DA MU

Duk da haka, ƙasar nan ta taɓa ganin aman wuta, ba kuwa nesa da mu ba. In ka bar Zariya ka kama hanyar Jos ta Soba, za ka wuce Dutsen Wai da duwatsun Kudaru. Gabas da su, a kudancin Jihar Kano, ga duwatsun Ririwai. Waɗannan dabam suke da Kufena. Saiwoyin tsofaffin duwatsu masu aman wuta ne, na fiye da shekara miliyan 150 da suka wuce. Kawunansu sun zaizaye, gindin ne ya rage. A Ririwai har yanzu akwai tsohuwar toka da ta daskare ta zama dutse, a cikin babban ramin da ya rufta bayan aman.

Jerinsu dogo ne. Ya taso daga duwatsun Azbin a Nijar, ya biyo ta Damagaram, ya shigo Dutse da Ningi da Jos, har duwatsun Afu a Jihar Nasarawa. Na arewa sun fi tsufa, na kudu sun fi yarinta.

Sun bar mana gado. Sa'ad da narkakken dutsen yake hucewa, ruwan zafi ya kwashi ma'adinai ya zuba cikin tsage-tsage. Daga nan ne kuza ta samu. Tun kafin zuwan Turawa mutanen Ririwai suna wanke kuza a rafi suna narkar da ita, fatake suna kaiwa kasuwanni. Da Turawa suka zo, jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, Sabon Gari ta kafu a gefen tasha. Saboda kuza ne aka ja wani siririn layin dogo daga Zariya, ya bi ta Soba da Dutsen Wai da Rahama, ya isa Bukuru a 1914. An yi ta jigilar kuza a kansa, ba a rufe shi ba sai 1957. Ashe tsohuwar wutar nan tana da hannu a cikin arzikin da ya raya Sabon Gari.

'YAN BAYA-BAYAN NAN: FILATO DA BIU

Akwai kuma waɗanda ba su tsufa haka ba, har yanzu da siffarsu. A Ƙaramar Hukumar Mangu ta Jihar Filato, wajen Panyam da Kerang da Ampang, akwai jerin tuddai masu kama da malfa, kowanne da rami a ƙoƙon kansa. Ɗaya daga cikin ramukan ya tara ruwa ya zama tafki, ana ce da shi Pidong. A gindin tuddan Kerang ne maɓuɓɓugar da ake ɗura ruwan Swan take, domin baƙin dutse mai huji-huji yakan sha ruwan sama ya tace shi. A tudun Biu na Jihar Borno kuma akwai irin waɗannan tuddai wajen 80, da Tafkin Tila wanda shi ma bakin tsohon dutse mai aman wuta ne.

Ba a taɓa rubuta cewa ɗayansu ya yi amai a zamanin da mutane suka sani ba. Masana sukan ce barci suke yi, suna kuma sa musu ido.

Abin da ya shafe mu a nan shi ne ƙasarsu. Inda baƙin dutsen nan ya ruɓe, yakan ba da jar ƙasa mai zurfi, mai riƙe ruwa, mai ƙarfi. Dankalin Turawan da ake saukewa a kasuwar Sabon Gari, yawancinsa daga Bokkos da Mangu da Barikin Ladi yake zuwa. Sanyin tudu ne babban dalilin da ya sa yake yi a can, amma manoman wurin sun san gonar da ke kan jar ƙasar baƙin dutse ba ɗaya take da ta kan yashi ba.

DARASI DAGA MAƘWABTA

Tuddan Biu dangin wani dogon jeri ne da ya ratsa Kamaru har cikin teku. A can wutar ba ta mutu ba. Dutsen Kamaru, mai tsawon fiye da mita 4,000, ya yi amai a 1982 da 1999 da 2000.

Amma babban bala'in da ya auku a can ba da wuta ya zo ba. Tafkin Nyos, kusa da iyakarmu, bakin tsohon dutse ne mai zurfin wajen mita 200. Iskar kabon tana tsattsafowa daga ƙasa tana taruwa a ƙarƙashin ruwan, kamar lemon da ba a buɗe ba. Daren 21 ga Agusta, 1986, sai tafkin ya yi gyatsa. Iskar ta fi wadda muke shaƙa nauyi, ba ta da launi. Ta gangara cikin kwari ta bi ƙauyukan Nyos da Cha da Subum. Mutum 1,746 suka mutu, da dabbobi wajen 3,500, yawancinsu shanun Fulani. Da yawa a cikin barci abin ya same su. Shekara biyu kafin wannan, a 1984, Tafkin Monoun ya kashe mutum 37 ta wannan hanya.

Tun 2001 aka kafa bututu a Tafkin Nyos yana fitar da iskar kaɗan-kaɗan, aka ƙara biyu a 2011. Ruwan tafkin kuma ta Kogin Katsina-Ala yake bi ya shigo Nijeriya. Tsoron kada bakinsa ya ɓalle ambaliya ta cinye garuruwan Taraba da Binuwai yana cikin dalilan da suka sa aka gina madatsar ruwa ta Kashimbila.

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ba mu da irin wannan tafki, amma muna da rijiyoyi. Wannan iska mai nauyi ita ce ke kwanciya a gindin tsohuwar rijiya mai zurfi, ta kashe mai yasa, ta kashe wanda ya shiga ceto. Kafin kowa ya sauka, a zura fitila mai wuta da igiya har ƙasa. In ta mutu, kada a shiga. Kada kuma a saukar da injin ban ruwa cikin rijiya yana aiki alhali da mutum a ciki, hayaƙinsa ma kisa yake yi.

TOKA A SAMA, FARI A ƘASA

Wani zai ce, tun da abin yana nesa, ina ruwanmu? Babban aman wuta yakan tura iskar farar wuta can sama da gizagizai, ta bazu ta zama kamar hazo, ta rage hasken rana. Bayan fashewar Dutsen Tambora na Indunisiya a 1815, shekarar 1816 amfanin gona ya lalace a Turai da Amurka saboda sanyi. Pinatubo ya rage zafin duniya da kusan rabin digiri har shekara biyu. Dutsen El Cicon na Meksiko ya fashe a 1982, dattawanmu kuwa ba su manta da farin 1983 da 1984 ba. Fari yana da dalilai da yawa, amma wasu masu bincike suna ganin hazon dutsen nan yana cikin abubuwan da suka raunana damunar waɗannan shekaru. Wannan ya isa ya tuna mana kada mu sayar da hatsi duka da kaka.

BALA'I YAU, TAKI GOBE

Me ya sa mutane ba sa barin gindin waɗannan duwatsu, duk da hatsarinsu? Saboda ƙasa. Tsibirin Jaba na Indunisiya cike yake da duwatsu masu aman wuta, amma yana ciyar da mutane fiye da miliyan 140. Haka tuddan Ruwanda, haka gonakin ayaba da kwakwar manja a gindin Dutsen Kamaru. Duk abincin da shuka ke samu a ƙasa, ban da wanda ke zuwa daga iska da ruɓaɓɓen ganye, daga dutse ya fito. Sabuwar toka sabon dutse ne da aka niƙa aka baza a gona. Tana kashe shukar bana, amma jikoki su ci moriyarta.

Mu fa? Ƙasarmu tsohuwa ce. Dutsen da ke ƙarƙashin Samaru da Sabon Gari irin na Kufena ne, in ya ruɓe yashi ya fi yawa a cikinsa. Ruwan sama ya yi shekaru miliyoyi yana wanke shi, ba wata sabuwar toka da ta sauka a kai. Ɗan abin da ake ƙara mana shi ne ƙurar hunturu. Tana tasowa daga busasshen gindin tsohon tafki a arewacin Chadi, ta sauka a gonakinmu da ɗan gishirin da shuka ke so. Ƙasar saman gonakin Samaru, wadda ke yin laushi kamar gari kuma ta daskare bayan ruwa, yawancinta ƙura ce irin wannan da ta taru tun zamanin dā. Tana da daɗin huɗa, amma ba ta da ƙarfi sosai, tana kuma saurin bin ruwa.

Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda aka kafa tushenta a 1922, ta fara wani gwaji a 1950 wanda aka yi shekaru da yawa ana bi. An raba fili gida-gida. Wani ba a sa masa kome, wani takin shanu kaɗai, wani takin zamani kaɗai, wani kuma an haɗa biyun. Filin da ba a ba shi kome ba ya gaji. Wanda aka yi ta zuba wa takin zamani mai sa ganye shi kaɗai, ƙasarsa ta yi tsami. Wanda ya daɗe yana ba da amfani shi ne wanda aka haɗa masa takin shanu da na zamani.

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA IYA YI

Tun da ba dutsen da zai sabunta mana ƙasa, aikin ya rage gare mu. Ga abubuwan da ya kamata kowace ƙungiya ta tattauna kafin faɗuwar ruwa:

1. A daina ƙone karan dawa da na masara a gona. Abin da dabbobi suka bari a tara shi a rami tare da kashinsu da tokar murhu da sharar gida, a riƙa yayyafa ruwa, ya ruɓe.

2. A shirya da makiyaya su kwana da shanu a gonakin 'yan ƙungiya da rani, a yi yarjejeniya a gaban shaidu tun da wuri.

3. Kada a dogara ga Yuriya kaɗai. A haɗa da Kamfa ko Supa, a kan takin gargajiya. In ƙungiya ta haɗa kuɗi ta sayi taki tun da kaka, ya fi araha.

4. A riƙa juya shuka. Inda aka yi masara bana, baɗi a sa waken suya ko gyaɗa ko wake.

5. A gonar gangare, a yi kunya a gicciye, a jera duwatsu ko a dasa ciyawa a bakin zaizaya. Ƙasar saman da ruwan dare ɗaya ya kwashe, ba za ta dawo a zamanin mai gonar ba.

6. A bar gawo da ɗorawa su tsaya a gona. Saiwarsu tana jawo abinci daga zurfin da garma ba ta kaiwa, ganyensu ya zubo da shi sama.

7. A kai samfurin ƙasa a auna a Samaru, ko a nemi malamin gona ya nuna yadda ake ɗiba. Kuɗin awo ɗaya in an raba wa mutum ashirin ba shi da nauyi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

To, 'yan'uwa, in an sake cewa Kufena zai fashe, kun san amsar da za ku bayar. Abin tsoron ba ya cikin dutse, yana cikin jan ruwan da ke fita daga gonakinmu ya gangara Kubanni da Galma duk damuna. Wannan kuwa muna da ikon tare shi. Sakataren kowace ƙungiya ya karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba a taro mai zuwa, a kuma fara haƙa ramin taki tun yanzu. Allah ya ba mu damuna mai albarka.